Kuɗi Sun Fita, Ba Su Isa Ba: Me Ke Faruwa a Tsakani?

Na'urar POS amsa uku gare ta. Biyu ba su da rigima: ko ta ce an biya, ko ta ce an ƙi. Ta ukun ce ke haɗa mutane faɗa a babbar kasuwar Birnin Kebbi, wato lokacin da za ta yi ta juya 'yar da'irar nan, can ta ce ana kan aiki, ko kuma ta yi gum. Mai saye ya ɗaga wayarsa yana nuna alat, an cire masa kuɗi. Mai kanti ya duba tasa, ko sisi bai shigo ba. Kowannensu gaskiya yake faɗa, shi ya sa rabon faɗan ke da wuya.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce, kuma yawancin abin da nake ci daga dillalan shinkafa yake fitowa. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a garin nan a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe katafaren injin WACOT a Argungu a 2017, kuɗin shanshera ya fi ƙarfin a zuba shi a jaka a shiga fadama. Dillali na so ya zauna a shagonsa ya biya manoman Augie da Suru da Bunza ta asusunsu. Aikina ke nan in haɗa masa hanyar, kuma rabin wahalar aikin tana cikin amsar nan ta uku.

Manhajar da ke cikin wayarka ba ta ajiye komai. 'Yar aike ce. Idan ka danna, sai ta kai saƙonka ga wata kwamfuta mai nisa ta ƙofar da masu sana'armu ke kira API, wadda ba wani abu ba ce illa yarjejeniya tsakanin manhajoji biyu: ka kawo buƙatarka a tsari kaza, a ba ka amsa a tsari kaza. Kamfanoni da yawa a yau ba sa sayen waɗannan manyan kwamfutoci, hayarsu suke yi daga Amazon ko Microsoft ko Google, abin da ake kira girgije. Gine-gine ne na gaske masu shan wuta da ruwa. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannesbag a 2024. Saboda haka saƙon da ya tashi daga Argungu yana iya ratsa Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, kafin ya sami mai amsa shi.

Yawancin buƙatu gajeru ne. Nawa ya rage a asusuna? Kafin ka ƙifta ido an ba ka amsa. Amma akwai aikin da ba ya ƙarewa nan take: tayar da sabuwar kwamfutar haya, kwafe rumbun bayanai, biyan manoma ɗaruruwa da ke bankuna daban-daban. Shi kuwa layin da ke tsakanin kwamfutoci biyu ba a barinsa a buɗe har illa masha Allahu. Ɗaya daga cikin ƙofofin Amazon da aka fi amfani da su, bisa tsarinta na asali, daƙiƙa 29 take jira ta yanke. Ga kuma netiwok irin namu da kan ɗauke da zarar ka bar bakin titi.

Maganin da aka samo, duk mai kai shinkafa inji ya san shi. Mai inji ba ya ce maka ka tsaya riƙe da bakin buhu har a zo kanka. Yakan sa wa buhunanka alama, ya ce ka dawo bayan la'asar. Idan ka dawo ba sabuwar shinkafa za ka kawo ba, alamarka za ka faɗa a duba.

Haka kwamfutar take yi. A ƙa'idar da shafukan intanet ke magana da ita, kowace amsa tana da lamba. Wanda ya daɗe yana lalube a intanet ya taɓa cin karo da 404, wato ba a sami abin da kake nema ba. 200 na nufin an yi, ga shi. Akwai kuma 202, wadda ke cikin ƙa'idar tun 1996, ma'anarta an karɓi buƙatarka amma ba a gama ba, kuma ba a yi maka alkawarin za ta yi nasara ba. Wannan ƙarshen zancen shi ne sababbin shiga ke tsallakewa. A girgijen Microsoft, tare da amsar ake haɗo maka adireshin da za ka riƙa leƙawa, sau da yawa har da adadin daƙiƙun da ake so ka jira kafin ka sake tambaya. Kana leƙawa ana ce maka ana kai, har ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku: an yi nasara, an gaza, ko an soke. Duk abin da ba ɗayan ukun nan ba ne, aiki bai ƙare ba. Shi Google yakan ba aikin suna nasa na kansa, da wani gurbi mai cewa an gama ko ba a gama ba. In an gama, ko dai ka tarar da sakamako ko ka tarar da bayanin abin da ya hana. Fasali ya bambanta, amma dabarar ɗaya ce: an raba bayar da aiki da bibiyarsa, kuma lamba ce ke haɗa su.

Ba sai mun je Johannesbag ba. Taransifar da muke yi tsakanin banki da banki tana bi ne ta hannun NIBSS, kamfanin da Babban Banki da bankunan ƙasar nan suka mallaka, a kan tsarin biyan kuɗi nan take da ya fara aiki a 2011. Kowace taransifa tana da wata doguwar lamba mai alƙaluma 30, wadda ake rubutawa Session ID a jikin risit. Ba a banza ta yi tsawo ba: shida na farko na nuna cibiyar da ta tura, sha biyu na biye shekara ce da wata da rana da awa har zuwa daƙiƙa, sauran kuma domin kada ta yi karo da ta wani. Idan bankin da ya tura bai ji amsa ba, akwai tambaya ta musamman da zai aika da wannan lamba, a gaya masa inda aka kwana. A harkar kati ma akwai lambobin amsa: 00 an amince, 91 ba a sami bankin mai kati ba, 09 kuwa ana kan aiki.

To ga inda gizo ke saƙa. A ce na tura umarnin a biya wani manomi, sai na ji shiru. Abu uku ne ke iya faruwa. Wataƙila saƙona ya mutu a hanya, bai isa ba. Wataƙila ya isa, ana kan aikinsa. Wataƙila kuma an ma biya mutumin, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Daga inda nake zaune, duk ukun kamarsu ɗaya, kuma babu wata gwaninta da za ta sa in bambance su da ido. Manhajar da ta ɗauki shirun nan a matsayin gazawa ta sake turawa, tana iya biyan mutum sau biyu. Wadda ta ɗauke shi a matsayin nasara, tana iya barin manomi ya koma gida hannu rabbana alhali littafi ya nuna an sallame shi.

Na ga wannan ƙiri-ƙiri wata ranar kaka, a shagon wani dillali da nake wa aiki. Fanka na kaɗa ƙurar ɓuntu, manoma na zaune a kan buhuna a waje, wasu da ƙaramar waya a tafin hannu suna jiran ta yi ƙara. Allon kwamfuta ya nuna an biya wasu, saura kuwa ya sa musu launin rawaya.

"Injiniya, mi kake jira? Sake tura musu mana, mutane sun tsare ni."

"Alhaji, a ƙara haƙuri. Ban san ba su tafi ba, abin da na sani kawai ba a amsa mini ba. In na sake, kuɗin suka fita sau biyu, wa zai bi su Suru ya karɓo?"

Ya yi tsaki ya fita ba su baki. Kafin a kira magariba rawayar ta riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, ban da 'yan kaɗan da suka koma ja, su ne muka sake turawa.

Akwai kariyar da ake ginawa tun daga tushe. Kafin in aika umarni, ni da kaina nake ƙirƙira masa lamba in adana, sannan in tura shi da ita. Idan na sake turawa da lambar nan dai, kwamfutar can za ta gane ta taɓa ganinta, ba za ta maimaita biyan ba. Kamfanin Stripe na Amurka ya shahara da wannan dabara. Paystack na Legas, wanda Stripe ya saya a 2020, shi ma kowane ciniki yana da lambar shaidarsa, kuma da ita ake komawa a tabbatar ko kuɗi sun shiga. Sirrin dai shi ne a adana lambar kafin a tura, ba bayan an tura ba, don wuta na iya ɗaukewa a tsakani.

Ita kanta tambayar tana da ladabi. Ba a tsayawa kan kwamfuta ana "an gama? an gama?" ba ƙaƙƙautawa. Akan jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, sai 8, ana ninkawa, a kuma ɗan jirkita lokacin don kada dubban masu tambaya su faɗo a tare. Duk wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san dalili. Tsabar naira ta ɓace, kowa ya koma taransifa, hanyoyin suka cushe, wanda tasa ta maƙale kuma ya yi ta dannawa, yana ƙara wa jaki kaya. Haka a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ayyuka birjik suka tsaya a tsakiya, ba su yi gaba ba, ba su dawo ba. Ban da yawan tambaya, wata hanyar kuma ita ce ka bar adireshinka, in an gama a aiko maka. Tana rage zirga-zirga, sai dai ni ban taɓa dogara da ita kaɗai ba, don saƙon sanarwar ma saƙo ne, yana iya ɓata kamar kowanne.

Sokewa ma ba kamar yadda ake zato take ba. Google ya faɗa a fili cewa idan ka nemi a soke dogon aiki, ƙoƙari kawai za a yi, ba tabbas. In an riga an biya rabin manoma, sokewa ba za ta ciro kuɗi daga asusunsu ba, iyakarta ta tsayar da saura. Bayan ka soke ma sai ka koma ka duba da lambarka.

Talaka ya riga ya san wannan tsari ko da ba a gaya masa sunansa ba. Wanda ya yi layin rajistar NIN bayan umarnin haɗa ta da layin waya a Disambar 2020 ya tuna 'yar takardar da ake fara ba shi, mai ɗauke da lambar bibiya, kafin ainihin lambar ta fito. Inda nake ganin laifinmu, mu masu rubuta manhaja, shi ne mun fi son ɓoye wa mutum wannan lamba. Muna nuna masa da'ira tana juyawa, sannan mu jefa masa jan rubutu da Turanci cewa an sami matsala, ya sake gwadawa. Wace matsala? Kuɗinsa sun fita ko ba su fita ba? Cewa mutum ya sake gwadawa alhali kai kanka ba ka san makomar na farko ba, ganganci ne da dukiyar wani. Abin da ya dace allon ya faɗa, da Hausa ma in so samu ne, bai wuce wannan ba: an karɓa, ba a gama ba, ga lambarka, kada ka sake turawa, ka duba nan da minti kaza. Bai fi aikin yini guda ba a wurin mai rubutu, amma sai a bar mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a tashar mota ya sha zagin da ba nasa ba.

Shi kuwa wanda kuɗinsa suka maƙale, yana da haƙƙin da ya kamata ya sani. A watan Yunin 2020 Babban Banki ya rage wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale: in a ATM ɗin bankinka ne, nan take, ko cikin awa 24 idan sai an sa hannu, in na wani banki ne, awa 48, na POS da na intanet kuma awa 72. Bankinka za ka fara kai wa kuka, ka kuma nemi su ba ka lambar ƙorafin, don shi ma ƙorafi dogon aiki ne. In suka yi ta ja maka rai, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki.

Amma duk inda ka je, abin da za a fara tambayarka lamba ce. Idan taransifa ce, alƙaluman nan 30. Idan kati ka sa a POS, akwai wata mai alƙaluma 12 da ake rubutawa RRN a jikin risit, ko da risit ɗin ya ce an ƙi. Mutane kan murƙushe na ƙin su yar a wurin, alhali shi ne ya fi amfani. Takardar kuma ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa in ta kwana biyu a aljihu ko gaban mota a watan Afrilun Kebbi sai ta dushe ko ta yi baƙi. Tun kana gaban mai POS ɗin ka ɗauki hotonta da waya, ka tabbatar lambar da kwanan watan sun fito sosai.