Kayan Yaji: Dukiyar Da Ake Zubarwa A Wurin Shanya

Garin Mubi, a Jihar Adamawa, yana kusa da iyakar Kamaru, kasuwarsa kuwa matattara ce ta fatake daga ƙasashen biyu. Manoman wannan yanki, kamar 'yan'uwansu na Kano da Katsina da Kaduna, suna noman barkono da attaruhu da tattasai, da damina da kuma rani a fadamu. Amma sau da yawa wahalar shekara guda takan lalace cikin 'yan kwanakin shanya.

Inda Hasarar Take

An saba baza barkono a ƙasa ko a gefen titi. A nan ƙura da tsakuwa da kashin dabbobi suke shiga cikinsa. In raɓa ko yayyafi ya taɓa shi, sai ya yi fumfuna. Wata fumfunar tana haifar da guba mai suna afilatokzin, wadda ke jawo ciwon daji na hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa nau'in gubar mafi haɗari kada ya wuce kashi 5 cikin biliyan a busasshen barkono. Kayan da ya zarce haka, mayar da shi ake yi ko a lalata shi.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman busasshen barkono da fitar da shi. A 1987 ta kafa hukuma ta musamman domin kayan yaji, mai gwada kaya kafin a yi lodi. Duk da haka, a 2003 an gano jan rini mai cutarwa cikin garin barkonon da ya fito daga can, sai Turai ta tsananta bincike a kan kowa. Algus ɗin mutum ɗaya yakan shafi ƙasa baki ɗaya.

Maƙwabciyarmu Kamaru kuwa, a 2013 ta yi wa masoron yankin Penja rajistar suna. Manoma suka bi ƙa'ida ɗaya wajen tsinka da wanki da shanya, farashinsa ya tashi ƙwarai.

Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Yi

Na farko, ya tsinki nunanne kawai, ya ware ruɓaɓɓe. Na biyu, ya yi shanya a kan tamfol ko gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa. Mafi kyau shi ne ɗakin shanya mai rufin farar leda, wanda ke tara zafin rana, yana kuma kare kaya daga ruwa da ƙura. Na uku, kada ya zuba a buhu sai barkono ya bushe ƙayau, yana karyewa a hannu. Na huɗu, ya ɗora buhuna bisa katako, ya nisanta su da maganin ƙwari. A 2015 Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar irin wannan magani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne manoma su kafa ƙungiyoyin gama kai, domin su iya tara kaya iri ɗaya mai yawa. Ƙungiya za ta nemi rajista a Hukumar Bunƙasa Fitar Da Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976, da takardar shaidar lafiyar kaya daga hukumar NAQS. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.