ƘWARYA TA BI ƘWARYA: SHIN BASIRA TANA BIN TAKARDAR DIGIRI A CIKIN JINI?

Ya zama ruwan dare a biranen Arewa a ji an fasa magana tsakanin saurayi da budurwa, alhali ba a same shi da mugun hali ba, kuma yana da sana'arsa, sai don kawai an ce "ba ajinmu ba ne." Yarinya ta gama digiri, shi kuwa daga sakandare ya shiga garejin kanikanci. Ko kuwa saurayin ne ɗan jami'a, ita kuma mahaifinta mahauci ne, sai gwaggonsa ta jawo shi gefe ta ce, "Ɗana, ka dubi gidan da za ka ɗauko uwar 'ya'yanka, jini ba ya ƙarya." Haka abin yake a abota. Yara biyu da suka yi langa tare a unguwa, da zarar ɗaya ya sami gurbi a jami'a sai gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a nan. Na farko zaɓi ne, kowa kuwa yana da ikon zaɓen wanda zai zauna da shi. Na biyu da'awa ce, wai akwai gidajen da jininsu ya fi na wasu, wai basira tana bin takardar shaida daga uba zuwa ɗa kamar yadda gona take bin gado. Wannan ta biyun magana ce ta ilimin halitta, don haka ana iya ɗora ta bisa sikeli, kuma an daɗe da ɗora ta.

Tun kafin zuwan boko ƙasar Hausa take da nata matakan daraja. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1959 yadda sana'a take ƙayyade matsayin namiji: masu sarauta a sama, malamai da attajirai a biye, mahauta da makaɗa da maroƙa can ƙasa, sa'an nan wanda ya gaji sana'a ya fi wanda ya yi mata shigege. Da boko ya zo sai ya ƙara wani tsani a kan na da. Karin maganar dai ɗaya ce har yau: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Gaskiya ne cewa a cikin halittu mai kama yakan nemi mai kama. A arewacin Kanada akwai wata irin dinya mai launi biyu, fara da kuma mai duhu-duhu, kuma galibi fara da fara suke haɗuwa, mai duhu da mai duhu. Mai kallo zai ɗauka a jini abin yake. Amma Fred Cooke da abokan aikinsa, a shekarun 1970, sun gano cewa ɗan tsakon yana karkata ne ga launin iyayen da suka rene shi, ko da ba su suka haife shi ba. Wato abin da ido ya saba gani tun yana ƙarami shi yake nema in ya girma.

A wajen ɗan Adam, masana suna auna kamanci da wani ma'auni da ya tashi daga 0 zuwa 1. Sifili na nufin babu wata alaƙa, ɗaya kuwa na nufin daidai wa daida. Tun 1903 Karl Pearson ya auna ma'aurata a Ingila ya sami kamancinsu a tsayi kusan 0.28. A 2023 masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka tarar kamancin ma'aurata a zurfin karatu ya haura 0.5, a tsayi bai wuce kusan 0.2 ba, a son shiga jama'a kuwa bai kai 0.1 ba. Ashe miji da mata sun fi kama da juna a yawan shekarun makaranta fiye da a ɗabi'a. Wani ɓangare na dalilin ba ya da wuyar ganewa. A 1932 James Bossard ya duba takardun aure 5,000 a birnin Philadelphia, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'auratan tsakanin gidajensu bai wuce layi biyar ba. Mutum yana auren wanda ya haɗu da shi, ɗan jami'a kuwa shekara huɗu ko biyar na ƙuruciyarsa a cikin 'yan jami'a yake yin su.

To, ina batun jinin? Wanda ya fara yi wa wannan da'awa rigar kimiyya shi ne Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin. A littafinsa na 1869 ya bi salsalar alƙalai da 'yan siyasa da masana na Ingila, ya ga cewa fitattu suna da dangi fitattu, sai ya yanke hukunci cewa fice gado ne. Bai ba da muhimmanci ga cewa ɗan alƙali ya gaji makaranta mai tsada da ɗakin karatu da abokan ubansa ba. A 1883 ya ƙirƙiro akidar gyaran irin ɗan Adam, wato a ƙarfafa "masu kyakkyawan iri" su auri juna su hayayyafa. Shi kansa, duk da wannan, ya rasu bai bar ɗa ko ɗaya ba.

Ya kamata ɗalibai su san inda wannan akida ta kai mutane. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi wa wata matashiya talaka, Carrie Buck, aikin hana haihuwa na dole, bisa zargin cewa ita da mahaifiyarta da jaririyarta duk masu raunin hankali ne. Jaririyar nan, da ta isa shiga makaranta, sai da sunanta ya fito cikin jerin ɗaliban da suka yi ƙwazo, kafin ta rasu tana da shekara 8. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a Amurka. A Jamus ta zamanin Hitler, bayan dokar 1933, adadin ya kai kimanin 400,000. Duk da kalmar "ba irinmu ba ne" aka fara.

Abin mamaki shi ne Galton da kansa ne ya gano abin da ya raunana da'awarsa. A 1886 ya kwatanta tsayin 'ya'ya 928 da na iyayensu, ya tarar cewa 'ya'yan dogaye dogaye ne, amma ba su kai iyayen ba, 'ya'yan gajeru kuma sun ɗara iyayensu. Idan iyaye sun zarce matsakaicin tsayi da santimita 9, 'ya'yansu a jimlace da kamar santimita 6 suke zarcewa. Ana kiran wannan komawa zuwa tsakiya. Kowane ɗa rabin ƙwayoyin gadon uwa yake ɗauka da rabin na uba, kuma a kowane ciki sai an sake cakuɗa su kamar an zuba wake cikin ƙwarya an girgiza. Haɗuwar da ta sa uba ya yi fice ba ta sauka ga ɗa a dunƙule. Shi ya sa ake ganin gidan farfesa da ɗan da lissafi ya gagara, a kuma ga wanda ya zo na ɗaya a aji ya fito daga gidan da ko jarida ba a karantawa.

Ba a ce gado ba ya da hannu ba. A 2022 aka buga wani gagarumin bincike a kan mutum kusan miliyan 3, aka gano wurare 3,952 a cikin ƙwayoyin gado da suke da alaƙa da yawan shekarun karatu. Sai dai kowane ɗaya tasirinsa ɗan mitsitsi ne, kuma in aka tara su duka, abin da suke iya bayyanawa na bambancin da ke tsakanin mutane bai wuce kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari ba. Da aka kwatanta 'yan gida ɗaya, inda tuwo da tarbiyya ɗaya ne, sai tasirin ya ragu da kusan rabi. Har ila yau, mutanen da aka yi binciken a kansu 'yan asalin Turai ne, kuma da aka gwada ma'aunin a kan 'yan asalin Afirka ƙarfinsa ya faɗi ƙwarai. Masu binciken da kansu sun gargaɗi jama'a cewa ba za a iya amfani da shi a faɗi makomar mutum guda ba.

Tarihin Arewa ma ya isa hujja. Makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano a 1909 aka buɗe ta, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1962. Ke nan kusan duk mai digiri a yau ɗa ne ko jika ga wanda bai taɓa zama a kan bencin boko ba. Ƙwayoyin gadon al'umma ba sa sauyawa cikin zuriya biyu. Abin da ya raba wanda ya zama likita da ɗan'uwansa da ya tsaya a gona sau da yawa shi ne wanda mai unguwa ya kama ya kai makaranta a shekarar da aka zo neman yara, da wanda aka ɓoye a rumbu. A wurare da dama ma 'ya'yan da ba a ji da su ne aka miƙa, aka ɓoye na gaban goshi. Jikokin waɗanda aka miƙa ɗin ne wasunsu a yau suke cewa jikokin waɗanda aka ɓoye ba ajinsu ba ne.

Makarantar kanta tana wasa ƙwaƙwalwa. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan mutum fiye da 600,000 ya nuna cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ƙara maki 1 zuwa 5 a gwajin kaifin basira. A ɗaya gefen, ƙarancin sinadarin aidin, wanda yake jawo maƙoƙo, yana daƙile ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, dalilin da ya sa ake sanya shi a gishiri. Yaron da ya rasa aidin da abinci mai gina jiki da malami, in ya gaza a jarrabawa, ba jininsa ne ya gaza ba.

Su kuwa waɗanda suka ɗauki tsare jini da gaske, tarihi ya adana labarinsu. Sarakunan gidan Habsburg na Sifaniya sun shafe kusan shekara 200 ba sa ganin kowa ajinsu sai junansu, har kawu yana auren 'yar 'yar'uwarsa. Na ƙarshensu, Charles na Biyu, ya tashi da laulayi iri-iri, ya mutu a 1700 yana da shekara 38 ba magaji. A 2009 masana suka lissafa kusancin jinin iyayensa daga salsalar mutum fiye da 3,000, suka sami 0.254, wato ya ɗan zarce na wanda wa da ƙanwa suka haifa. Kada a ɗauki wannan a matsayin hukunci a kan auren zumunta guda ɗaya, domin na 'ya'yan wa da ƙani 0.0625 ne kacal. Maimaitawa zuriya bayan zuriya cikin ƙaramin da'ira ita ce take tara cututtukan da suke ɓoye.

Batun abota ma an auna shi. A 2022 Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi nazarin abota biliyan 21 tsakanin Amurkawa miliyan 72 masu amfani da Facebook. Sun gano cewa yawan abota tsakanin talaka da mai hali a yanki yana cikin manyan alamun ko ɗan talakan yankin zai ɗaga. Bisa lissafinsu, da 'ya'yan talakawa za su tashi a inda suke da abokai masu hali kamar yadda 'ya'yan masu hali suke da su, da abin da za su samu in sun girma ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari. Rabin ratar daga rashin haɗuwa take, unguwa daban, makaranta daban. Ɗaya rabin kuwa ana haɗuwa a wuri ɗaya, amma kowa ya ja nasa gefe. Wuraren ibada ne suka fi ƙarancin wannan wariya. Binciken na Amurka ne, amma malamin da yake raba ɗalibai rukuni-rukuni a ɗakin gwaje-gwaje, ko yake tsara gadaje a ɗakin kwana, yana da abin dubawa a ciki.

Akwai dai tambaya guda ta jini da ilimin halitta ya yarda a yi kafin aure, kuma ita ce aka fi mantawa a wajen binciken asali. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini, wato shi AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila a ƙasar kowace shekara. Ƙwayar ta yaɗu ne domin mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, sauro kuwa gidan sarki da gidan mahauci duk yana shiga. Mai AS lafiyarsa lau, ba a gane shi a fuska ko a tufafi, sai an ɗebi jini an gwada. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan.

Idan AS ya auri AA, babu ɗan da zai fito SS. Idan kuwa AS ya auri AS, ko da dukansu biyu masu digirin digirgir ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin ɗari a haifi SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure a jarrabawa, iyaye kuma a rayuwa: suna zaton in an haifi SS ɗaya to ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kuma akan sami gidan da 'ya'ya uku a jere suka fito da cutar.