Inda Ruwan Gonar Wake Ya Ke Tafiya

Mai karatu, ka lura da gonar wake bayan an yi ruwa. Yau ƙasa ta jiƙe sharkaf, bayan kwana biyar ka tona da yatsa ka iske ta bushe. Wani ruwan ya gangara rafi, wani ya nutse can ƙasa, amma mai yawa sama ya koma, ta hanya biyu.

Hanya ta fari ita ce bisan ƙasa. Rana ta buga, iska ta hura, ruwa ya zama tururi ya tashi, kamar yadda wanki ya ke bushewa a kan igiya. Wannan hasara ce kurum.

Hanya ta biyu ita ce ganyen waken kansa. A jikin kowane ganye akwai 'yan kafofi dubbai, ba su ganuwa sai da madubin likita. Saiwa ta tsotso ruwa, ya hau tare da abincin shuka, sa'an nan ya fita ta kafofin nan, ganye ya yi sanyi. In kana so ka gani da idonka, da hantsi ka sa reshen wake cikin farar leda, ka ɗaure bakinta. Kafin azahar za ka ga ɗigon ruwa a ciki kamar raɓa. Cikin kashi 100 na ruwan da saiwa ta sha, fiye da 90 ta nan ya ke fita.

Ran da a ke zafi, gonar da ganye ya rufe, mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ta kan fid da wajen lita 50,000, watau duro 250. Ka ji abin mamaki!

To, wake ya fi shuke-shuke da yawa haƙurin ƙishirwa, shi ya sa ya karɓi ƙasashen Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Saiwarsa tana nutsawa da zurfi. Kadan fari ya matsa, sai ya tsuke kafofinsa, ya karkata ganye ga barin rana. Amma sa'ad da kafofi su ke rufe, girma kuwa ya tsaya.

Lokacin da ya fi bukatar ruwa shi ne daga fitar fure har ƙwaya ta cika. In ya rasa a sa'an nan, fure ya kakkaɓe, sai ka tashi da harawa ba ƙwaya.

Saboda haka ka nome ciyawa tun tana ƙarama, gama ita ma sha ta ke yi. Ka shuka yadda ganye zai rufe ƙasa da wuri, ya tare rana. Inda damina ta ke gajeruwa, ka nemi iri mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70. In noman rani ka ke yi, ka tanadi ruwanka domin kwanakin fure, amma kada ka bari ya kwanta a gindi, saiwar wake ba ta son haka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.