Motar da Ba Ta da Gidan Batir

A kasuwar Shinkafi, ranar Alhamis, cikin tsibin kayan wasan yara na gwanjo da ake zubewa a kan buhu, ɗan yayana ya tsinto wata 'yar mota koriya. Doguwa ce siririya, ba rufi ba ƙofa, tayoyinta huɗu duk a waje, ga direba ɗaya tal zaune da hular kwano. Mai kayan ya ce dilar ta biyo ta Maraɗi da Jibiya da Zurmi ne, motar kuma matacciya ce, don haka ya sallama ta a araha. Yaron ya kawo ta gida Ƙaura Namoda, shi da abokansa suka dinga juya ta har dare.

Yaran Ƙaura ba baƙin mota ba ne. Tun muna ƙanana ake ƙera ta da kara, da langa-langa, da gwangwanin madara, a yanko taya daga tsohon silifa, a ja dogon sitiyari na waya har ƙugu. Na yanzu ma sun fi mu, domin sukan ciro ɗan inji daga mataccen rediyon kaset, su haɗa shi da batirin tocila, mota ta tafi da kanta. Da suka leƙa cikin wannan suka hango inji da naɗin jan waya, sun san abin da suke gani. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne ba ta da gidan batir, ba ma sararin da batir zai shiga. Ba makullin wanawa, ba alamar rimot. In ka tura ta da hannu sai ta cije. Tayoyin gaba ba sa karkata hagu ko dama. A ƙarƙashin hancinta kuma wani ɗan tsinke ya leƙo ƙasa yana hana ta zama daidai a kan siminti, gefensa biyu ga wasu kitsattsun wayoyi masu laushi da suka yi baƙi ƙirin.

Hukuncin yaran shi ne wani ne ya ɓalle gidan batirin. Muka kai ta wurin wani mai gyaran rediyo kusa da tashar jirgi, dattijo mai haƙuri da yara. Ya kwance ta, ya ɗaga ta saitin haske, ya daɗe yana kallo.

"Baba, an karya ta ko?" in ji yaron.

"Ba a karya komi ba, ɗana. Wagga mota haka aka yi ta. Zo ka bi wayar nan da idonka."

Wayoyi biyu ne suka fito daga injin, kuma ba su tsaya ko'ina ba sai a kan kitsattsun wayoyin nan na ƙasa. Ashe wutar daga waje take shigowa, ta ƙarƙashi. Dattijon ya goge inda gawayin injin ke gugar jan ƙarfe, ya ɗiga mai kaɗan a bakin sandar injin. Ya taɓa batirin tocila, injin ya ɗan yi rawa ya tsaya. Ya ƙara na biyu, tayoyin suka juya da ƙyar. Sai da aka kawo batirin babur mai bolt 12 sannan ta yi wata ƙara mai kaifi, tayoyin baya suka ɓace wa ido. Da ya juya kan wayoyin, sai ta koma gudu da baya.

To, an san tana da rai, an san irin wutar da take ci. Amma wa zai bi mota da batirin babur a hannu? Tsinken nan kuma na mene ne?

Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaman hira a bencin shagon shi ya warware wannan, tun ba a tambaye shi ba. Ya karɓi motar, ya shafa tsinken da babban yatsa, ya ce abin da ba shi da sitiyari to dogo gare shi. Tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau, aka yi ta lodin gyaɗa da auduga da fatu a wannan tasha, ba a taɓa ganin direban jirgi yana murza sitiyari ba. Leɓen da ke jikin ƙafar jirgi shi ke riƙe dogo, dogon ya kai shi inda za shi, direba gudu da birki kawai ke hannunsa. Wannan mota, in ji shi, haka take: tsinken zai faɗa cikin wani tsagi, wayoyin biyu su kwanta a kan ƙarafa biyu masu wuta. Abin da muka sayo rabin na'ura ne, ɗaya rabin hanya ce, ita kuwa ba ta biyo dilar ba.

Da aka wanke cikin motar da burushin haƙori, rubutu ya bayyana: Tri-ang, Scalextric, da shaidar cewa a Ingila aka yi ta. Daga nan bincike a waya ya yi sauƙi, kuma ya gaskata tsohon. Wani Bature mai suna Fred Francis, mai kamfanin Minimodels, ya kasance yana ƙera motocin wasa na kwano masu makullin wanawa. Ya sa musu injin lantarki, ya yi musu hanyar roba mai tsagi, a 1957 ya baje su a kasuwar kayan wasa ta garin Harrogate. Na farkon kwaikwayon Maserati da Ferrari ne. A 1958 kamfanin Lines Brothers, masu tambarin Tri-ang, suka sayi sana'ar, daga 1960 kuma aka koma yin jikin motar da roba mai tauri, irin tamu. A shekarun 1960 abin ya zama ruwan dare a Turai da Amurka, har aka buɗe dubban shaguna inda mutum zai biya kuɗi ya ɗora motarsa a hanya mai layi da yawa. Ba yara kaɗai ba, magidanta ne da ƙungiyoyi da dokokin gasa, kuma har yau suna nan.

Saura a san wace mota aka kwaikwaya. An ce ma'aunin waɗannan motoci ɗaya bisa 32 ne, sai yaron ya ɗauko rular makaranta. Santimita 13 da 'yan kai. Ya ninka sau 32 a bayan littafinsa, ya samu mita 4 da ɗoriya. Launin ma shaida ne, domin a tseren wancan zamani kowace ƙasa da fentinta: Italiya ja, Faransa shuɗi, Birtaniya kore. Koriya mai kujera ɗaya, mai dogon hanci da ƙaramin baki, mai tudun baya da ya kusan kai kan direba, inji a gaba, hotuna suka nuna Vanwall ce.

Labarinta ya cancanci a tsaya a kai. Tony Vandervell, attajirin da ya yi arziki da ƙera boris na injin mota, shi ya lashi takobin sai motar Birtaniya ta kayar da jajayen motocin Italiya. Injinta mai silinda huɗu, lita 2.5, an ɗauko dabararsa ne daga injin babur ɗin Norton. Colin Chapman ya zana ƙashinta, Frank Costin, masanin jirgin sama, ya zana jikinta yadda za ta tsaga iska. A 1958 ta ci tsere shida, Stirling Moss uku, Tony Brooks uku, ta zama ta farko da ta ɗauki kofin kamfanonin ƙera motoci na Formula 1. A Afirka aka rufe kakar, a Kasabalanka ta Maroko, ranar 19 ga Oktoba. Moss ya zo na ɗaya, amma Mike Hawthorn na Ferrari ya ɗauki kofin direbobi da ratar maki ɗaya. A wannan tseren ne Vanwall ta uku ta kama da wuta, direbanta Stuart Lewis-Evans ya ƙone, ya mutu bayan kwana shida. Vandervell bai sake shiga gasar da ƙarfinsa ba.

Da mun tsaya nan, da mun ce an gama. Amma mai gyaran ya nuna mana abu biyu da ba aikin kamfani ba ne. Akwai wani ɗan falle na ƙarfe mai toka-toka, mai nauyi, an manna shi da gam a ƙasan cikin motar, gaban tayoyin baya kaɗan. Sannan tayoyin gaba suna da zanensu, na baya kuwa sumul suke, an kuma manne su da gam a jikin wili. Yaran suka ce cinyewa suka yi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce taya ba ta cinyewa daidai wa daida haka daga gefe zuwa gefe, hannu ne ya yi wannan. Dalilin kuwa ba za a gane ba sai an ga motar tana gudu.

Aka shiga yin hanya. Kafinta ya shimfiɗa falankin katako, ya buga wasu siraran a kai ya bar tsagi mai faɗin milimita 3 a tsakani, zagaye mai miƙe biyu da kwana biyu. A miƙen aka kafa langa-langa gefe da gefen tsagin. A kwana langa-langa ba ya lanƙwasuwa a kwance, sai mai gyaran ya feɗe wayar eriya ya zaro saƙar jan ƙarfen da ke ciki, ya daddanne ta ta yi faɗi. Da ita ya sake wa motar kitson ƙasa. Tayoyin baya sun bushe sun tsattsage, yaran suka yanko sababbi daga silifa, aikin da ba wanda ya fi su iyawa.

Ɗorawar farko, ta cilla, ta isa kwana, ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi. Wuta kai tsaye ta yi mata yawa. Dattijon ya naɗa wayar hita a jikin fasasshen tayil, ya yi mata wani ɗan harshe na ƙarfe mai zamewa: in ka matsa gaba wuta ta ƙaru, in ka ja baya ta ragu. Wannan shi ne totur, irin wanda masu wasan ke riƙewa da ɗan yatsa. Ta fara zagayawa, amma tana tsalle-tsalle tana kakkarwa, domin tayoyin silifar ba su zagaye sosai ba. Ya riƙe ta a kan hanya, ya ɗaga bayanta, ya ba ta wuta, ya sauke tayoyin a hankali kan samfefa har suka daidaita. Da ya ɗago su, sumul, sak irin tsofaffin da muka cire. Amsar farko ke nan, kuma masu tseren ƙasashen waje haka suke yi har gobe.

Sai ya ɓamɓare ɗan ƙarfen nan aka gwada ba shi. A miƙe ta ɗan ƙara sauri, amma ko wace kwana sai tayar ciki ta ɗaga, tsinken ya fice, ta kife. Tsinke gaba kawai yake riƙewa, baya kuwa yana son wucewa waje, motar ga ta da tsayi ga ƙaramin faɗi. Da aka mayar da nauyin ƙasa-ƙasa, sai ta riƙa jefa bayanta waje kaɗan tana shan kwana ba ta kife ba. Motocin yanzu maganaɗisu ake sa musu ya kama ƙarfen hanya. A wancan lokaci sai nauyi da gwanintar yatsa. Wanda ya mallaki wannan mota mai tsere ne, ya san aikinsa. Masu tara irin waɗannan motoci sun fi daraja wadda ke cikin kwalinta ba a taɓa ta ba, gam da samfefa rage mata kuɗi suke a wurinsu. Ni dai na fi ganin girman wanda ya zauna ya auna inda zai manna nauyi, domin don gudu aka yi ta.

Ɗan ƙarfen nan dalma ce, nan kuma fuskar dattijon ta canza. Yaran sun riga sun kafa layi na biyu, sun ƙera tirela ta gwangwani da injin kaset da ƙusa a madadin tsinke, tana kifewa a kowace kwana, har ɗaya ya ce zai fasa tsohon batirin mota ya ciro dalma. Dattijon ya ce kul. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan guba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara sama da 400. Ya lulluɓe wadda ke cikin Vanwall da gam har ba a ganinta, ya sa kowa ya wanke hannu da sabulu, ya zubo musu noti da wosha daga gwangwanin kayan aikinsa.

Sun gwada noti ɗaya a gaba, tirelar ta ƙi gudu. Suka mayar da shi baya, hancinta ya ɗaga ƙusar ta fice. Ƙaramarsu, yarinyar maƙwabta da aka bari tana riƙon batir, ita ta ce a sa biyu a ƙasa, dama da hagu, tsakanin tayoyi. Aka ɗaure su da wayar ƙarfe, aka jera motocin biyu, mai gyaran ya ɗaga hannu ya sauke. Vanwall ta riga ta gama zagaye goma da tazarar zagaye biyu, tirelar kuma ta kammala nata ba ta kife ba. Yaran sun ce injin kaset ne ba shi da ƙarfi, suna neman na tsohuwar firinta.