KAKA TA YI: MINE NE GURINKA NA BANA?

Jama'a, an yanke hatsi, an ɗaure damma, kowa ya zuba a rumbu gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Wake da gujiya sun shiga kasuwa. Yanzu ne kuɗɗi ke shiga hannun manomi, kuma yanzu ne sunka fi saurin fita. Ɗan tireda ya baza kaya, maroƙi ya san ƙofar gidan kowa, bukukuwa sun matso. Kafin sanyi ya wuce, wani ba ya iya faɗin inda kuɗɗin wakensa sunka tafi.

Shi ya sa yau za mu yi magana bisa guri.

Mine ne guri?

Guri shi ne abin da mutum ya ƙudura zai yi, ya san yawansa, ya sa mashi lokaci. Wanda ya ce "ina son in yi arziki", fata ya yi. Wanda ya ce "zan sayi ɗan rago a wannan wata, in turke shi, in saida shi kafin Layya", wannan ya kafa guri, don ana iya ƙirga shi, ana iya sanin ranar da ya cika.

Amma ba kowane guri ne naka ba. Akwai wanda ka aro daga maƙwabci ba ka sani ba.

Mu ɗauki misali. Wani magidanci kullum yana cewa babu abin da ya fi mashi ciwo kamar ya ga ɗiyansa sun kwana da yunwa. Sai maƙwabcinsa ya sayi babur. Shi ma ya buɗe rumbu, ya saida rabin hatsinsa, ya sayi babur. Ya manta maƙwabcin nan kabu-kabu yake yi da nasa, yana samun na cefane kowace rana. Da damana ta faɗi, rumbu ya ƙare. Ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don tiya biyu, ciyawa ta cinye tasa. Babur ba laifi ba ne. Laifin shi ne gurin bai dace da abin da mutumin ya fi ƙauna ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Fara da abin da ya fi maka daraja

Kafin ka ce me zan saya, tambayi kanka: mine ne ba ni son in rasa? Wani zai ce cimakar gida. Wani zai ce kada ya ci bashi. Wani karatun ɗiya, wani kula da tsofaffinsa, wani gonar da zai bar wa na baya. Ɗauki takarda ka rubuta uku kawai, ka sa wanda ya fi girma a sama. Ka zauna da uwargida ku duba tare, don ita ce ke auna hatsin daka kowace safiya, ta fi ka sanin abin da gida ke ci.

Sa'an nan kowane ɗaya ka mayar da shi lissafi.

In cimaka ce ta farko

Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. In gidanka yana cin tiya 2 a rana, a wata tiya 60 ke nan, wato buhu ɗaya da rabi. A shekara buhu 18. Ka fidda zakka, dami ɗaya cikin goma. Ka ware iri. Abin da ya rage bayan wannan lissafi shi ne na saidawa. In bai kai ba, ka sani tun yanzu wata nawa ne babu, sai ka shirya: noman rani, ko turka, ko cin rani da ranar komowa kafin shibka.

Ku tuna, hatsi yana araha da kaka, yana tsada da damana. Waɗanda sunka ga shekarar 1984 da shekarar 2005 sun san yadda tiya ke gagarar talaka. Wanda ya saida da arha a watan Nuwamba, shi ne ke saye da tsada a watan Yuli.

In karatun ɗiya ne

Ana buɗe lakkol a watan Oktoba, lokacin da hannu bai riga ya samu ba. Wanda ya aje dala 50 kowane mako, a mako 52 ya tara jika 13. Wannan zai taimaka wajen littafi, alƙalami da tufafi, ba sai an kai akuya kasuwa da gaggawa ba. Kuma gurin karatu ba kuɗɗi kaɗai yake ci ba. Yana nufin ka haƙura da aikin yaron a gona ko talla ranar da ake karatu.

Mata sun riga mu gane wannan dubara. A shekarar 1991 anka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Kowane mako suna zuba ɗan abin da sunka yarda a asusu, suna ba juna rance, a ƙarshen zagaye su raba. Wadda ta shiga da gurinta a rai, ranar rabo ta san inda kuɗɗinta za su. Wadda ta shiga don ta ga wasu sun shiga, kuɗɗin kan ƙare wajen anko.

In gonar na baya ce

Wannan guri ne mai dogon lokaci. Tun shekarun 1980 manoma a yankin Maraɗi da Damagaram sunka koma barin tohon itace a gona lokacin sassabe, suna gyara shi maimakon su sare. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya tsare wa hatsi rana, ga taki, ga abincin bisashe da rani. Gurinka yana iya zama: bana zan bar toho 20 a gonata, in kiyaye su.

Tambayoyi uku kafin ka buɗe rumbu

1. Wannan abu yana cikin ukun da na rubuta?
2. Da babu wanda zai gani, zan saye shi?
3. In na saye shi, me gidana zai ci a watan Agusta?

In amsoshin ba su kwanta maka a rai ba, ka dakata mako ɗaya. Abin da ke na gaskiya zai jira ka.

Kada ka ɗauki guri goma, ɗaya ko biyu sun isa shekara. Kowane ƙarshen wata ka ɗauko takardarka ka duba inda ka kai. In fari ko rashin lafiya ya ɓata maka lissafi, ka rage gurin, kada ka yar da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa albarka a abin da munka noma, ya kai mu baɗi lafiya.