Shirun Adam da Lambar Yabo ta Cannes

A 2010, alƙalan bikin finafinai na Cannes da ke Faransa, ƙarƙashin jagorancin Tim Burton, sun ba da lambar yabon alƙalai ga wani fim daga Chadi mai suna Un homme qui crie, wanda Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeche, ya shirya. A lokacin, rabon da fim daga Afirka kudu da Sahara ya shiga babbar gasar tun 1997.

Labarin ba shi da hayaniya. Adam tsohon zakaran ninƙaya ne, yana kula da tafkin wanka na wani otal a Njamena. Da 'yan China suka karɓi otal ɗin, sai aka ba ɗansa Abdel aikin, shi kuma aka mayar da shi mai gadin ƙofa. Ga yaƙin basasa ya matso, ga mai unguwa ya tasa shi gaba da neman gudummawar yaƙi, kuɗi ko ɗa. Adam ba shi da kuɗi.

Abin da masu sharhi suka fi yabawa shi ne abin da Haroun ya ƙi nunawa. Ba a kai mu fagen daga ba. A rediyo ake jin yaƙin, da kukan jirage a sama. Sun kuma jinjina wa Youssouf Djaoro, wanda ya fito a Adam, don fuskarsa kaɗai na isar da saƙo. Akwai inda iyalin ke cin abinci, uba da ɗa kowa ya sunkuyar da kai, uwar na neman jin abin da ya shiga tsakaninsu, babu mai amsa mata. Duk wanda ya tashi a gidan da maigida ba ya faɗin ciwonsa ya san wannan zama.

Wasu sun ce fim ɗin yana jan ƙafa. Mai kallon da ya saba da finafinan Kannywood, inda waƙa da doguwar magana ke ɗauke labari, shi ma zai iya ƙosawa. Ni dai ban ga aibi a jinkirin ba. Mutumin da kishin ɗan cikinsa ya sa ya bari aka tafi da shi soja, da wane baki zai yi bayani? Da an sa masa kalmomi, da an rage masa nauyin laifin. Shi kansa Haroun yaƙin basasa ne ya raunata shi, ya fitar da shi daga ƙasarsa, don haka ba a littafi ya karanto wannan tsoro ba.

Yabon bai tsaya a jaridun Turai ba. A 2011 fim ɗin ya zo na biyu a bikin Fespaco na Wagadugu, kuma a shekarar ce aka sake buɗe silimar Normandie ta Njamena bayan ta daɗe a rufe, mutanen gari suka samu inda za su zauna su kalli labarinsu a babban allo.