Kashi na 17: Abin da Ɗinkin Sallah Ya Koya Mana Game da Tantance Buƙatu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau da labarin kunyar da muka sha zan fara. Azumin bara, ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta tara kuɗi don yi wa marayu kayan Sallah. A wurin taro shugaba ya ce, "A ɗinka wa yara arba'in kaya." Kowa ya ce to. Aka sayo yadi, aka raba wa teloli uku. Ana gobe Sallah muka shiga rabo, wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan shekara goma sha biyu ya samu rigar ɗan shekara bakwai. 'Yan mata sun fi yawa a cikin yaran, amma kayan maza muka fi ɗinkawa. Wata uwa ta karɓa ta yi godiya, sannan ta ce a hankali, "Ɗan nan, Allah ya saka. Amma kawunta ya riga ya yi mata ɗinki, takalmi ne ba ta da shi."

Kuɗi sun isa, telolin ma sun iya aikinsu. Abu ɗaya ne ba mu yi ba: babu wanda ya taka ya je gidajen ya tambaya.

Masu haɗa manhajar kwamfuta da ta waya suna da fanni guda a kan wannan matsala, wato ilimin tantance buƙatu. Kafin a fara aiki, sai an gano ainihin abin da mai amfani da shi yake buƙata, an rubuta, kowa ya amince. Bari mu ɗora matakansa a kan ɗinkin Sallah.

Na farko, a tattaro buƙata daga bakin mai ita. Shugaban ƙungiya ba shi zai sa rigar ba. Uwar yaron da yaron kansa su za a tambaya.

Na biyu, a rubuta ta yadda za a iya aunawa. "Kaya masu kyau" ba buƙata ba ce, fata ne kawai. Buƙata ita ce: riga da wando, tsawo inci kaza, kafaɗa inci kaza. Kuma buƙatu iri biyu ne. Akwai abin da kayan za su yi, wato su shiga jikin yaro. Akwai kuma yadda za su kasance: yadin ya jure wanki, kuɗinsa kada ya wuce kaza, a gama kafin ranar kaza. Wannan kashi na biyu shi aka fi mantawa.

Kada ku ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ke tuntuɓe a nan. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter da ta aika duniyar Mars. Dalili? Wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta shi a ma'aunin mitirik. Kamar ka ce a auno maka "goma", kai kana nufin tiya, mai awo yana nufin mudu.

Na uku, a jera su bisa muhimmanci: wanda dole ne, wanda ya kamata, wanda in an samu hali, da wanda ba bana ba. Awo daidai dole ne. Aiki a wuyan riga, in an samu hali.

Na huɗu, a mayar wa mai buƙata abin da aka rubuta ya tabbatar. A karanta wa uwar: "Baba, abin da kika ce ke nan?" Minti biyu ne, amma gyara a takarda ya fi arha a kan gyara bayan almakashi ya shiga yadi.

To, sai batun haɗin kai. Da lokaci ya ƙure mana, sai muka ce a ƙaro teloli biyu. Abin ya ƙara dagulewa, domin sai da tsofaffin suka ajiye keke suna yi wa sababbi bayani. Wani injiniya da ya yi aiki a IBM, Fred Brooks, ya rubuta wannan tun 1975: ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara yana ƙara masa jinkiri ne. Ku lissafa da kanku. Mutum biyar, hanyoyin magana tsakaninsu goma ne. Mutum goma, hanyoyin sun zama 45. In babu takarda ɗaya da kowa ke dubawa, a kowace hanya zance na iya sauyawa.

Sannan Sallah ba ta jiran kowa. Wata na iya yin 29, yana iya cika 30, mai hankali da 29 yake shiri. Shi ya sa duk wani "a ƙara aljihu" ko "a canza launi" da zai zo a goman ƙarshe, dole ya bi ta hannun mutum ɗaya, wanda zai tambaya: me za mu cire a madadinsa?

Bana mun sauya tsari. Mata biyu daga cikinmu suka zaga gidajen tun makon farko, da tef ɗin awo da littafi. Kowane yaro da layinsa: suna, awo, abin da ya rasa. Tara daga cikinsu takalmi aka rubuta musu, ba ɗinki ba. Wa'adin teloli 22 ga azumi, don a samu mako na gwaji da gyara.

Ku da kuke shirin rabon abinci, ko kayan Sallah, ko kuna haɗa wata manhaja, kafin ku taɓa kuɗin jama'a ku tambayi kanku: wa ya faɗa mana wannan ake buƙata, kuma a ina muka rubuta?

Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana Sallah lafiya. Sai mun haɗu a kashi na gaba.